Sai Babba Ya Ɗaga Cokali

Lahadi, 5 ga Oktoba, da yamma

Likita ya ce in riƙa rubutu kullum don kada ƙwaƙwalwata ta yi tsatsa. Na ce masa tawa har yanzu tana cikin kwalinta, ba a taɓa amfani da ita ba. Bai yi dariya ba. Bajamushe ne. To ga shi na fara, da ajina shida na firamare da hannun da ya fi sanin shebur.

Yau an yi taron ikilisiya bayan sujada. Ba zan rubuta abin da aka faɗa ba. Abin da zan rubuta shi ne, ɗana Tae-ung ya miƙe tsaye alhali Dattijo Pyo bai gama magana ba, ya karɓi makirufo daga gare shi da hannu ɗaya, abin da ba a yi wa babba a wurinmu, ya faɗi abin da ya faɗa. Da ya gama, Yaya Pyo ya buɗe baki zai amsa, sai bakin ya karkace, ya zame daga kan kujera. Motar asibiti ta zo ta tafi da shi.

Shinkafar mutum ɗari uku tana gidan ƙasa, zauren da ke ƙarƙashin cocin, tana jira, ba wanda ya sauka. Shekara hamsin ke nan da cocinmu na 'yan Koriya a Bochum ta Jamus, yau ne karo na farko da aka watse ba a ci abinci ba.

Matasa sun ce Lahadi ta farko a watan Nuwamba ita ce ta ƙarshe a gare su. Za su kama wani zaure a Essen su riƙa sujada da Jamusanci, yaren da 'ya'yansu ke mafarki da shi. Kusan gida arba'in. Ɗana ne a gaba, jikokina biyu suna bin sa.

A mota Maman Tae-ung ta zuba wa titi ido. Na ce, "Ko ba komai, yaron ya gaji muryata."

Ta ce, "Baban Tae-ung, tuƙa mota."

Na tuƙa mota.

Talata, 7 ga Oktoba, da hantsi

Ta tashe ni addu'ar asuba. Na ce gwiwa, ta ce Allah ya san da gwiwar, shi ya yi ta.

Ni ban taɓa iya addu'ar nan tamu ba, wadda kowa ke ɗaga murya lokaci ɗaya. A kira "Ya Ubangiji!" sau uku, sai rufi ya ɗauka. Nakan motsa baki ne kawai ina tunanin karin kumallo. Yau na yi shiru na saurara. Tsofaffi ne 'yan kaɗan, rabinsu da sanda, amma ƙarar kamar ruwa ya fasa bango a cikin ramin kwal. Na san irin wannan ƙarar, na taɓa gudu saboda ita. Matan da ba sa iya hawa bene sai an riƙe su, daga ina suke samo wannan murya?

Shekarar da muka fara yin ta a gidan ƙasan nan, maƙwabta suka kira 'yan sanda, wai ana yanka mutane. Biyu suka sauko, suka tarar da nas-nas a durƙushe suna kuka, ni kuma ina gefe ina gyangyaɗi. Ni suka tambaya abin da ya faru, don ni kaɗai na yi musu kama da mai hankali. Ba a sake yin wannan kuskuren ba.

Yau na ji Maman Tae-ung tana ambaton sunan yaron a kai a kai. Nawa ban ji ba. Ta daɗe da daina ɓata wa Allah lokaci.

Laraba, 8 ga Oktoba, bayan abincin rana

Tae-ung bai kira ba.

Juma'a, 10 ga Oktoba, da la'asar

Na je asibiti, na tarar Yaya Pyo yana magana, amma da rabin baki. Na ce, "Yaya, rabin ma ya ishe mu, da cikakken ai mun sha wuya."

Ya ce, "Man-sik, rufe ƙofa. Ka haɗa da bakinka."

Jirgi ɗaya ya kawo mu a 1971. Shi ya karanta shari'a a jami'a, amma kafin a duba mu a Seoul ya yi ta murza hannuwansa da yashi da gawayi don a ɗauka mahaƙi ne. Rabin jirgin haka suke, 'yan jami'a masu hannun aro. Ni kaɗai ne jahili na gaskiya, kuma ni aka fi tuhuma. A cikin rami, lokacin hutu, shi yana karatun Littafi Mai Tsarki da fitilar goshinsa, ni ina cinye masa burodi. Kowa da baiwarsa.

Ya ce, "Yaron ya zo?"

Na ce, "Aiki, Yaya. Haƙoran Jamusawan nan ba sa ƙarewa."

"Tun muna samari kake ƙarya, har yau ba ka iya ba."

Na gyara masa bargo ko da yake ba abin da ya sami bargon. Ya daɗe yana kallon silin. Can ya ce, "In na tafi, wa ke bi na?"

"Bi ka ina? Ni ba na gaggawa."

"A shekaru, sakarai. Gong ya rasu bara. Tak ya koma Koriya." Ya yi ta lanƙwasa yatsun hannun da ke motsi har suka ƙare, sai ya juyo ya dube ni, ya rufe ido. "Ya Ubangiji, ka ji ƙan ikilisiyarka."

Ashe ni ne. Bong Man-sik, dikon tun zamanin da gashina yake baƙi, wanda ba a taɓa yin kuskuren zaɓensa dattijo ba. Na yi dariya har nas ta leƙo. Shi bai yi ba, amma gefen bakin da ke aiki ya motsa.

Lahadi, 12 ga Oktoba, da yamma

Mun isa da wuri, Jamusawa suna fitowa daga tasu sujadar ta safe. Tsofaffi mata ne da ba su cika benci biyu ba, da fastonsu mace da ke zagaya coci uku a kan keke. Sun ce bayan Kirsimeti za su bar mana ginin gaba ɗaya. Daga nan maganar ta taso, wa zai yi sujada a sama, da wane yare, da wane lokaci. Ba zan rubuta sauran ba.

Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon ginin kamar baƙo. Lokacin da suka fara ara mana gidan ƙasa, sama cike take da su, mu kuwa muna lallaɓawa ta ƙofar baya da tukwanenmu a cikin jaka. Mai gadin cocin na wancan zamani yakan bi mu da hanci a toshe, yana buɗe tagogi a tsakiyar hunturu saboda warin kimchi, kabejinmu mai tsami da barkono. Ya yi mana ƙara sau ba adadi. Kafin ya mutu, matarsa ce ke zuwa da roba duk Lahadi, wai ba ya iya cin dankali sai da shi.

Daga baya ɗaliban kiɗa suka fara zuwa daga gida, yunwa ta kawo su kamar yadda ta kawo ni, suka mayar mana da 'yan waƙa abin da Jamusawa ke tsayawa a titi su saurara. Sai ma'aikatan kamfanoni da matansu. Sai 'ya'yanmu suka haifi nasu. Ban san lokacin da abin ya zama haka ba. Ni ina bakin kicin ina tsokanar mutane, na juyo na ga jama'a sun cika gini. Wallahi wani lokaci tsoro yake ba ni. Mu da muka zo kwangilar shekara uku!

Yau an zauna gefe biyu, furfura a hagu, baƙin gashi a dama, tsakiya fili kamar an share. Da aka tashi waƙa kuwa murya ɗaya ta fito. Na rasa yadda aka yi.

A bayana tsofaffin mata suna raɗa, irin raɗar kurame da ake ji har titi. "Da hannu ɗaya fa." "Ɗan wa ye? Ai ba a banza ba." Ana cewa amin na ja Maman Tae-ung muka fita. Ban sauka cin abinci ba. Ni. Duk wanda ya san ni ya san abin ya kai.

Laraba, 15 ga Oktoba, da yamma

Na je asibitin haƙorin Tae-ung na ce haƙori ke ciwo. Ya kwantar da ni a kujera, ya haska fitila, ya leƙa.

"Baba, haƙoran nan ni na saka su. Roba ba ta ciwo."

"To wani abu dai yana ciwo a wajen."

Ya sallami yarinyar da ke taya shi aiki, ya cire ƙyallen bakinsa. Ya rame. Furfura ta fito masa a gefen kunne, ban san yaushe ba, ba wanda ya nemi izinina.

Na ce, "Ka je ka gaida Kawunka Pyo."

"Na je."

"Yaushe?"

"Nakan je. A wurin ajiye motoci nake tsayawa." Ya juya yana jera ƙarafunan da suke a jere. "Baba, jikarka Lena ta kusa zama budurwa. Ka san abin da take yi lokacin wa'azi? Kallon fitilu. Ran nan ta tambaye ni ko Allah yana jin Jamusanci."

"Ka ce mata me?"

"Na ce ta tambayi dattawa."

Na so in yi dariya, na fasa. Na ce, "Duk na ji. Amma hannu ɗaya, Tae-ung? Uwarka ta fi jin kunyar hannun a kan maganar."

Ya ce, "Ɗayan rawa yake yi, Baba. Na ɓoye shi a aljihu."

Yaron nan cocin ne ya raine shi. Ina rami, uwarsa tana asibiti, shi yana barci a kan tarin kwat-kwat ɗin mutane a ƙarƙashin tebur, duk matar da ta wuce ta tura masa loma. Yaya Pyo da matarsa Allah bai ba su haihuwa ba. Yaya ne ya koya masa harufanmu ranakun Asabar, ya koya masa keke, ya raka shi neman aure don ni an ce zan ɓata abin da surutu.

Na ce, "Maganar Essen fa?"

"Mun riga mun sa hannu, Baba. Kurkure bakinka."

Na kurkure.

Asabar, 18 ga Oktoba, da safe

Yaya ya daina magana tun jiya. Na zauna kusa da shi na yi ta zuba, yau ba mai ce mini in rufe baki. Ban taɓa sanin magana tana da nauyi haka ba.

Litinin, 20 ga Oktoba

Ya tafi, da asuba. Lokacin addu'a. Bai taɓa makara ba.

Tae-ung bai kira ba. Ni ma ban kira ba.

Juma'a, 24 ga Oktoba, da magariba

An binne shi yau. Na zaci mu ne kawai za mu zo. Sai ga motoci daga Hamburg, daga Berlin, daga Frankfurt, tsofaffin mahaƙa da na ɗauka sun mutu, su ma sun ɗauka na mutu, muka yi ta ba juna haƙuri. Waɗansu sun zo daga cocin da suka fita daga namu tuntuni, waɗansu daga cocin da suka fita daga waɗancan. Fasto Yeom ya ce duk reshenmu ne. Ni na tuna yawancinsu da faɗa suka fita, amma a bakin kabari ba a gyara wa fasto tarihi.

Da aka fara waƙa, na kasa. Na tuna wata jana'izar, ta Chae Dong-pil, wanda dutse ya faɗo wa a rami a 1975. Ba mu da fasto, ba mu da kowa. Nas-nas suka ɗinka likkafani da zanen gado. Yaya Pyo ne ya yi karatu don shi ke da Littafin, ruwan sama na jiƙa takarda. Da aka gama ba wanda ya iya komawa ɗakinsa. Mu bakwai muka bi wata nas mai suna Ok-bun zuwa ɗakinta, ta dafa shinkafa a 'yar tukunya, muka ci a zaune a ƙasa. Da za mu fita ta ce, "Lahadi mai zuwa ma akwai shinkafa." Ba wanda ya ce mu kafa coci. Abin da aka faɗa ke nan. Ni shinkafar na koma wa, na kuma auri mai dafawar, har yau tana cewa ba ta san wanne ya fi kawo ni ba.

Yau na dubi jama'ar da ta cika maƙabarta har bakin titi, na ce duk wannan daga tukunyar nan? In ba Allah ba, ban san wa zan tuhuma ba.

Tae-ung ya tsaya can baya. Shi ne na ƙarshe da ya ajiye farin fure, ya sunkuya wa matar Yaya har ya kusa taɓa gwiwa. Ta dube shi.

Lahadi, 26 ga Oktoba, da yamma

Na so in sulale kamar makon jiya da na shekaranjiya, sai matar Yaya ta tare ni da sandarta a bakin matakala. "Ƙanen miji, ina zuwa? Sauka." Na sauka. Na nufi wurina na kullum, bakin ƙofar kicin, inda nake cin nawa a tsaye. Ta sake tare ni, ta nuna kujerar Yaya a kan teburin farko.

Na ce, "Matar Yaya, akwai mata uku a nan da suka girme ni, har da ke."

Ta ce, "Wa ya gaya maka?" Sauran biyun suka rantse su ƙannena ne.

Na zauna. Fasto ya yi addu'a, aka ce amin. Ni kuwa na juya ina ba Dikon Ma labarin yadda na taɓa saya wa matata maganin kare a madadin na tari. Ina cikin labari na ji wurin ya yi tsit. Na ɗaga kai. Ido ɗari shida a kaina. Na shafa hanci, na duba gaban wandona. Maman Tae-ung ta taho da ludayi a hannu, ta sunkuyo ta ce ta tsakanin haƙora, "Cokali, Baban Tae-ung. Cokali!"

Kowa ya san ba a taɓa abinci sai babba ya ɗaga cokalinsa. A gidan kowa haka ne. Amma ni duk shekarun nan ina bayan ƙofa, ban taɓa tunanin cewa shirun nan da ke biyo bayan amin mutum ɗaya ake jira ba. Na ɗauka tsoron Allah ne.

Na ɗaga. Zauren ya ɗauki ƙara gaba ɗaya, hagu da dama. Na ajiye da sauri kamar ya ƙona ni.

Tae-ung yana can teburin ƙarshe da iyalinsa. Shi ma ya jira. Na gani.

Alhamis, 30 ga Oktoba, da rana

Matan kicin sun kira suna tambaya ta mutum nawa za a dafa ranar Lahadi, tunda matasa sun ce ana gama sujada za su wuce, ba za su sauka ba. Na ji Maman Tae-ung tana cewa, "Ta kowa." Aka yi wata magana a can. Ta ce, "Na ce ta kowa. In ta rage mijina yana nan."

Da ta ajiye wayar ta shiga banɗaki ta buɗe famfo, ya daɗe yana zuba. Na ƙara ƙarar talabijin don ta yi abinta a tsanake.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Gobe.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, da yamma

Zan rubuta yadda ya faru kafin tsofaffin mata su ƙara masa gishiri.

Ban shirya komai ba. Duk wanda ya ce na shirya bai san ni ba. An gama sujada, matasa suka tsaya a sama suna sa kwat, suna sallama da Fasto a ladabce. Mu muka sauka. Yaransu kuwa suna can tuni a kan tebur, don ɗakin karatunsu na Lahadi yana jikin zauren, kullum su ke fara zama. An zuba miyar nama da barkono a kowane kwano, har da na teburan dama da ba kowa sai yara. Tururi yana tashi daga kwanuka a gaban kujerun da ba mutane.

Fasto ya sauko ya yi addu'a. Amin. Aka juyo gare ni.

Na dubi cokalin, na dubi kujerun can. Hannuna ya ƙi. Na ɗora shi a kan cinya.

Fasto ya matso. "Dikon, an ce amin."

"Na ji, Fasto. Kunne ne kaɗai ya rage mini na asali."

Maman Tae-ung ta fito daga kicin. "Baban Tae-ung, ka mutu ne?"

"Tukuna."

"To me kake jira?"

"Ba a cika ba."

Ta dube ni, ta dubi teburan dama. Ta ajiye ludayin, ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, ta harɗe hannu. Tun da muka yi aure ba ta taɓa goya mini baya da sauri haka ba, har na ji tsoro.

Wata tsohuwa ta ɗaga murya daga baya, "Bong, ni fa ina da ciwon sukari!"

Na ce, "Ni ma ina da ɗa."

Aka yi 'yar dariya, ta mutu. Tururi ya daina tashi. Maiƙo ya fara daskarewa a saman miya. Ba wanda ya taɓa cokali. Ina ta jiran wani ya ce wannan mahaukacin Bong ne, ku ci abinku, ba wanda ya ce. Dattawan da suka yi shekaru suna korata daga taro suna zaune hannu a cinya. Yaran ne suka fi ba ni tsoro. Yaran da ba sa iya gaishe ni da yarenmu sai sun yi tuntuɓe, ga shinkafa a gabansu, ga yunwa a idonsu, suna zaune suna kallona. Wa ya zuba musu wannan? Yaushe?

Iyayen suka fara saukowa ɗaukar su, kwat a jiki, makullin mota a hannu. Suka tsaya cirko-cirko a kan matakala. Wata ta kira ɗanta da Jamusanci, ya dube ta, ya dubi kwanonsa, bai tashi ba. Sai aka buɗa hanya, Tae-ung ya sauko, ya zo har gabana.

"Baba, me kake yi?"

"Jira."

"Mutane suna jin yunwa."

"Na sani. Ni ma mutum ne."

"Wannan ba zai canja komai ba."

"Ban ce zai canja ba. Ni ba dattijo ba ne, ba ni da ta cewa a taronku. Cokali kawai aka ba ni."

Ya tsaya. Na ce a raina, shi ke nan, zai juya, ni kuma zan mutu a kujerar nan da yunwa tare da mutum ɗari biyu.

Sai na ji ƙarar sanda. Matar Yaya ce, cikin baƙaƙen kaya, tana tahowa a hankali. Ta tsaya a gabansa, kanta bai kai kafaɗarsa ba.

Ta ce, "Kai, ɗan nan. An ce kana yawo kana ganin kai ka kashe mini miji."

Bai iya ɗaga kai ba.

"Kai har ka isa ka kashe Pyo Gil-su? Ramin kwal bai iya ba. Gishirin da nake hana shi yana sata a bayana, shi ya kashe shi. Kada ka ɗaukar wa kanka girman da ba naka ba." Ta buga sandar a ƙasa. "Abin da ka faɗa kuwa ban yafe ba tukuna, sai na huce. Amma tun asuba nake tsaye a kan miyar nan. Zauna. In faɗa za ku yi, ku yi shi da cikakken ciki."

Ɗana, babban likita mai furfura a gefen kunne, ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa na rawa. Uwarsa ta tashi ta tura masa kujerarta. Ya zauna da kwat ɗinsa. Na ji kujeru suna ja a dama, ɗaya, sai wata, sai da yawa. Ban duba ba. Na ji tsoron in na duba abin zai tsaya.

Da ƙarar ta lafa na ɗauki cokalin. Rabin miyar ta zube mini a riga. Sai zauren ya amsa. Na sha jin waƙa a ginin nan, na sha jin addu'ar da ke girgiza tagogi, amma ban taɓa jin abin da ya sa na so in cire takalmi ba sai wannan ƙarar ta ƙarfe a kan kwano.

Miyar ta yi sanyi ƙalau. Ba wanda ya faɗa.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, da yamma

Tun Laraba dattawa da matasa suke shiga ɗaki suna faɗa, har yau ba a gama ba. Gida shida sun tafi Essen, Allah ya raka su. Sauran suna nan.

Yau ana cewa amin na dubi dama, na dubi hagu, na kai cokali baki. Miyar ta ƙona mini harshe har hawaye ya fito. Tae-ung daga gefena ya ce, "Baba, ka hura mana."

Na ce masa ni ne babba a nan, kuma da zafinta nake so.